Yadda Za Ka Ƙi Fanken Gwaggonka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Dattijo, mai sunan mahaifina. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa wannan takarda ta same ka a kan hanya lafiya, mota ba ta lalace ba, ruwa bai tare ku ba. Allah ya sauke ka Yamai cikin aminci, ya haɗa ka da mutanen kirki a lakwal, wato makarantar boko, da wajen lakwal. Innarka za ta ba ka ita a hannu, ka buɗe kafin ku kai Doso, kada ka bari sai ka sauka. Ka san ni da kai ba mu zama mu yi doguwar magana. Kai ne na fari, ga sunan tsohona a kanka, in na dube ka ido da ido bakina nauyi yake yi. Shi ya sa na rubuta, ko da yake rubutun nawa karkatacce ne. Ni ma ban yi tsufan da zan zauna ina yi wa mutum wa'azi ba, gemuna ko furfura ɗaya babu. Amma ciki iri ɗaya Allah ya ba mu ni da kai, kuma na riga ka zama da shi.

Ranar kasuwar da ta wuce da safe, ina bisa kamiyon Isa, babbar motar kayan nan, ina ɗaure buhunan gyaɗa, na hango ka shigo tasha da furata. Isa shofer, wanda zai kai ka Yamai, ya ji labarin ka ci jarrabawa. Ya kira ka, ya saya maka burodi mai zafi, ya ce ga tukuicin ilimi. Ka durƙusa ka karɓa da hannu biyu. Na ga idonka yana zagaye yana neman inda za ka ɓoye shi, shi kuwa Isa ya tsaya a kanka yana murmushi, yana jira ya ga ka ci. Sai ka gutsura. Ka tauna a hankali kamar mai tauna saiwar magani, ka haɗiye, ka ce Allah ya saka da alheri. Da ya juya baya ka miƙa wa wani sauran. Abin da ya biyo baya ka san shi, ni ma na sani, don butar gidanmu ba ta huta ba har Jumma'a.

Ban yi fushi ba. Dariya ma na yi a saman motar, don kaina na gani. Amma Isa sau ɗaya ya miƙa maka. Gidan da za ka sauka kuwa gidan Gwaggonka Ladi ne, yayata, kuma sana'arta tuyar fanke da farimasa a bakin kasuwa. Ita ta goya ni bayan rasuwar uwarmu, na san ta sarai. Yaya Ladi ba ta iya gaya wa mutum tana sonsa da baki, sai da kwano. In ta so ka za ta cika maka shi, ta zauna ta tsare ka da ido har ka suɗe. Ta bar Gaya tun ba a gane abin da ke damuna ba, kai kuma rabonta da kai tun kana zanen goyo. Na aika mata saƙo ta bakin fatake, amsar da ta dawo ita ce wai tun ina yaro ni mai tsirfa ne wajen abinci. To ka gani. In ka ci don kunyarta, ba da daɗewa ba ƙafafunka za su fara rawa, kanka ya yi nauyi, mushe, wato malaminku, yana koyarwa kana tunanin hanyar bayan gida, a ce yaron Gaya ba shi da lafiyar karatu, a maido mana kai. In kuma ka ƙi da gatsali, ka ɓata wa matar da ta buɗe maka ɗakinta. Akwai hanya tsakanin biyun nan. Na sha faɗuwa kafin in same ta, bari in gaya maka wuraren da na faɗi.

Lokacin da na fara aikin apranti, wato yaron mota, a kan hanyar Paraku, ba a ma fara maganar gada ba. Layi muke yi a bakin ruwa, muna jiran jirgin fito ya ƙetare da motoci ɗaya bayan ɗaya. A can Malanbil na fara cin burodi. Ba zan yi maka ƙarya ba, abin nan yana da daɗi, har yau in na bi ta gaban mai gashi hancina yakan juya ba da izinina ba. A wurinmu aprantai, wanda ya tsaga burodi ya zuba man sardin a ciki, ya jingina da tayar mota yana ci, shi ne ya waye. Na bar fura, na bar koko, na ce abincin ƙauye ne.

Sai ciki ya fara. Kumburi da safe, gudawa da rana, da yamma kasala kamar na yi dakon duwatsu. Shofer ɗinmu ya gaji da bugun da nake yi wa kan mota don ya tsaya, har aprantai suka sa mini suna Tsaya-Tsaya. Tsakanin Kandi da Malanbil babu kurmin da bai san ni ba. Wando ya yi mini yawa, leɓɓana suka yi fari, bakina ya cika da ƙuraje. Da farko na ce ruwan Dahome ne, na dinga ɗaukar ruwan Gaya a gora. Bai hana ba. Na je disfansar aka ba ni maganin tsutsa, tsutsar ta fita, gudawar ta zauna. Daga nan sai zuciya ta kai ni inda take kai kowa, na ce an sa mini hannu. Kuma wa na zarga? Bawa, abokin aikina, don na lura duk ran da ya miƙo mini abinci da fara'a, ran nan cikin ya fi tsanani. Na daina cin kwano ɗaya da shi. Bawan Allah nan kuwa rabonsa na burodi yake ragewa ya ƙara mini, don ya ga ina ramewa. Lurar da na yi daidai ce, hannun da na kama ne ba shi ba. Don haka in jikinka ya canja a Yamai, kada ka fara da duban fuskokin mutane. Ka zauna ka tuna abin da ya shiga bakinka jiya da shekaranjiya.

Abin da ya cece ni lalacewar mota ne. Injin ya mutu da damina, aka ce sai an kawo kayan gyara daga Kutanu, ni kuma na tafi Tunuga wurin kawuna in taya shi noma. A can babu mai sayar da burodi. Tuwon dawa, shinkafa, kifi kamar a ce ka roƙi Allah, da hantsi fura da nono. Kafin gero ya fitar da kai na fara jin yunwa irin ta masu lafiya, kafin a yi girbi kumatu sun fito, har matar kawu tana cewa a rage mini tuwo kada rumbu ya ƙare. Na dawo aiki, na ci burodi, Tsaya-Tsaya ya dawo. Ni ba mai gaggawa ba ne. Na bari na ga sauƙi, na koma na ga wuya, na sake bari. Sai na je na sami Bawa na gaya masa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to daga yau rabona ya zama nasa.

Nan na yi tsammanin na gama ganewa, ashe rabi na gane. Na ɗauka abin Nasara ne cikina ba ya so, ko garinsu da ke daɗewa cikin jirgin ruwa, ko abin da suke sawa ya tashi. Har alfahari nake yi, ina cewa cikina bai yarda da mulkin kowa ba. Sai aka ɗaura mana aure da innarka, aka kawo gara. Kakarka Hajo kuwa, uwar innarka, ka sani, a garin nan babu mai alkaki kamarta. Na ce wannan namu ne na gado, babu hannun Nasara a ciki, na zauna na ci na ƙoshi. Dattijo, angon da ya yi kwanakin angwancinsa da buta a hannu, ubanka ne. Abokaina sun samu abin faɗi har shekara ta zagayo. Da Sallah aka aiko da taliya daga gidan surukai, na sake ci, na sake kwantawa, kuma duk da haka ban haɗa ba.

Innarka ce ta haɗa. Ta tashi a gidan da ake kwaɓa alkama kullum, hannunta ya san ta. Wata rana na kawo mata ɗan garin da ya zube daga buhun da muka sauke, ta kwaɓa za ta yi wa baƙi abu, sai ta tsaya tana jan ƙullin tana dubawa. Ta ce wannan ai alkama ce, irin ta Iya, an dai tankaɗe ta ta yi fari. Na ce ba ta san abin da take faɗi ba, wannan daga Faransa yake. Ba ta yi gardama ba. Ta je gidansu ta ɗebo alkamar da fatake ke kawowa daga wajen Ƙwanni, ta niƙa, ta kwaɓa, ta ajiye kusa da wancan. Ta kwaɓa garin gero da na shinkafa ta jera. Ta ce in ja kowanne. Na gero ya gutsure, na shinkafa ya wargaje, biyun nan kuwa suka biyo hannuna kamar danƙo. Ta wanke su cikin ruwa, garin ya tafi, wani abu mai yauƙi ya rage a tafin hannunta, iri ɗaya sak. Ta ɗaga mini shi ta ce, "Ga wanda ya yi maka sammun."

Ni dai ban san sunansa ba, kuma ba ni da shaidar cewa shi ne, amma tun daga ranar duk garin da ya yi wannan danƙo na sallama shi, kuma na zauna lafiya. Saboda haka kada sunan abinci ya ruɗe ka, ko na Nasara ne ko na kakanninmu. Ka tambayi hatsin da aka yi shi da shi. Burodi, biskit, makaroni, taliya, alkaki, finkaso, fanke, farimasa, duk uwarsu ɗaya. Waɗannan ma masu sauƙi ne, don a fili suke. Masu wuyar su ne waɗanda ke ɓuya. Akwai mai masar da ke ƙara garin alkama don ta yi taushi. Akwai mai ɗan waken da ke haɗawa da shi. Kukun da ya yi aiki gidan Nasara yakan barbaɗa shi a miya don ta yi kauri, ko ya shafa wa kifi kafin ya soya. Ka tambaya da fara'a, kamar mai son koyon girki. Mata suna son a tambaye su yadda suka yi abu, za su gaya maka har abin da ba ka tambaya ba.

Akwai wata wautar da na yi wadda har yau innarka ke yi mini gori da ita. Buhunan garin alkama in an juye su, masu kanti sukan ba mu. Farare ne, masu ƙarfi, wasu ma riga suke ɗinkawa da su. Na kwaso na kawo gida ina jin na yi abin kirki, na kakkaɓe, na zuba mana garin dawa a ciki. Sai ga ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwoyina da gwiwar hannu, ciki yana ƙugi, alhali na rantse ban sa alkama a baki ba. Muka yi ta bincike kamar masu neman ɓarawo a gida, sai da ta juya buhun ta nuna mini farin gari maƙale a ɗinkin. Haka kuma na taɓa sayen ƙosai a tasha, wake zalla, amma a man da aka gama tuyar fanke. Shi ma ya karɓi hakkinsa. Cikin nan namu bai san kaɗan ba. Abin da wani zai ce ai ɗan ƙura ne, a wurinmu ya isa. Shi ya sa za ka ga a cikin kayanka akwai ƙaramin kasko da rariya da muciya, sababbi. Ba na kyauta ba ne, naka ne. A gidan Gwaggonka gari yana tashi a iska kullum, ka rufe kwanonka, ka wanke hannu in ka taya ta aiki. Ka taya ta kuwa, taɓawa ba ta kashe kowa, ka dai wanke kafin ka ci.

Yanzu ga wadda ta fi nauyi, kuma ita ce ta shafe ka. Da aka tashi yaye ka, aka kai ka wurin kakarka Hajo kamar yadda ake yi, ita kuma ta riƙe ka ta ce ba ta mayarwa. Tana kiranka mijinta, tana cewa ta samu wanda ya fi tsohonta kyau. Don son da take maka, abin da ya fi daraja a ɗakinta shi take ba ka: kunun alkama da safe, taliya da man shanu, burodi jiƙe cikin madara in ta samu. Sai ka fara komawa baya. Ciki ya yi tulu, ƙafafu suka zama sirara, gashinka ya yi ja, yara suna wasa kai kana zaune a gindin bango kana kallonsu kamar tsoho. Mutane suka ce ciwon yaye ne, kewar nono ce, zai wuce. Ni kuwa da na gan ka na san ko mene ne, don na taɓa ganin wannan fuskar a madubin mota.

Amma na yi shiru. Suruka ce, ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba, in na hango ta a hanya sai in canja lungu. Ta yaya zan buɗe baki in ce abincinki ne ke kayar da yaron? Na ce wa innarka ta faɗa mata. Ita kuma ɗan fari ne, ba ta iya nuna damuwa da kai a gaban uwarta, sai a ce ba ta da kunya. Ni ina tura ta, ita tana tura ni, kai kana ramewa a tsakani. Damina ta kusa shiga muna wannan ladabi. Kowa ya gan mu zai ce yaran nan suna da tarbiyya, kuma da tarbiyyar muka kusa rasa ka.

Ran da na je gaisuwa ka yunƙura za ka taso wurina, sai da ka dafa bango, ranar kunyar ta ƙare. Na tuɓe takalma, na tsuguna a ƙofar ɗakinta, na sa ido a ƙasa. Allah ya taimake ni ban fara da abincinta ba, na fara da kaina. Na ce, "Iya, yaron nan cikina ya ɗauko. Ba ya ɗaukar alkama, kamar yadda nawa ba ya ɗauka."

Ta ɗago kai ta dube ni. Can ta ce, "Alkakin da rabin garin nan suka ci a bikinsu, shi ne yau ya zama guba?"

Na ce, "Ba guba ba ne, Iya. Ni ne na gadar masa cikin da bai san abin alheri ba."

Na ji ta yi wani ɗan tsaki da dariya a ciki. Ta ce dama tun ran gara ta san an ba ta suruki mai cikin ƙadangare. Ta ce za ta gwada har a yi girbi, in ba ta ga canji ba za ta bi gida gida ta gaya wa mutane mijin 'yarta ya taɓu. Ka san Hajo, in ta ɗauki abu ba ta ɗaukarsa da yatsa biyu. Ta kwashe alkamarta ta kai gidan ƙanwarta, can take zuwa yin sana'arta. Ta saya maka tukunya. Ta koma yi maka kunun gero da gyaɗa, tuwon shinkafa da romon kifi, ta dinga yi maka nakiya a madadin alkaki. Wata maƙwabciya ta ba ka fanke a ɓoye ka kwanta, sai Hajo ta ɗaura gyale ta bi gida gida ɗin da ta yi alkawari, amma abin da take faɗi shi ne duk wanda ya sake ba mijinta alkama, ita da shi.

Abin da na koya a ƙofar ɗakin nan shi zan ba ka ka tafi da shi. Ka faɗa tun ranar da ka sauka, bayan gaisuwa, kafin ta ɗora kasko dominka. In ta riga ta soya ta kawo, ƙin ya zama cin fuska, in ba ta soya ba, labari ne kawai kake ba ta. Ka ɗora abin a kaina, ka ce cikin ƙanenta ka gado, za ta ji daɗin samun abin zagina. Kada ka ce abincinta yana sa ka ciwo. Sa'an nan, kuma wannan shi ne babba, kada ka bar hannunta wofi. Mace irin Gwaggonka in ka ce ba ka cin wannan ka yi shiru, ka hana ta hanyar da take son mutum da ita. Sai ka buɗe mata wata. Ka ce na gaya maka duk duniya babu mai dambu da zogale kamarta, kuma tun daga Gaya kake jin yawunsa. Ba ƙarya ba ce, na faɗa, ga shi a rubuce. Ka miƙa mata shinkafar da waken da garin rogon da muka ɗaura maka, ka ce tsarabar gida ce. In ta dafa, ka ci kamar ba gobe, ka nemi ƙari. Za ta yi mita kwana biyu, ta ce ni na lalata ka. Ka bar ta ta yi. Mita ba ta sa gudawa.

A lakwal an ce suna raba burodi da kafe, wato gahawa, da safe. Ka sami mushen da ke kula da ku ka gaya masa a tsanake, tun ba ka kwanta ba. In an ba ka rabonka ka karɓa, kada ka raina, ka ba wanda ke kusa da kai. Za ka ga yadda yaron da ke kyautar burodi kowace safiya yake tara abokai, wani ya kawo maka gyaɗa, wani dabino. Za su sa maka suna, wannan babu makawa. Ka amsa shi da dariya, in ka amsa ya zama naka, in ka yi fushi ya zama nasu. Har yau akwai tsofaffin shofofin da ke kirana Tsaya-Tsaya, kuma su ne suka fi ba ni aiki.

Kada kuma ka zauna kana jin an tauye ka. Ni na fi kowa cin daɗi a tashar nan. Ka duba abin da aka bar mana: fura mai sanyi da nonon Fulani, tuwon shinkafa da miyar kuka, giwan ruwa gasasshe da yaji, ƙosai mai zafi a cikin koko, doya da manja in an haye Malanbil, kafa da miyar kifi, rogo da ƙuli, dankali, muruci, rake, mangwaro har ka gaji, tsire in aljihu ya yarda. Hatsi ɗaya tak aka ce mu bari, aka sakar mana sauran duniya. Ni da aka ce ba zan yi ƙarko ba, yau ni ke ɗaga buhun da mutum biyu ke kokawa da shi. Kai da ka dafa bango, kai ne ka wuce yaran garin nan a karatu. In na tuna wannan ina saman mota, sai in ji kamar in yi waƙa, kunya ce kawai ke hana ni.

In ka yi kuskure ka ci, kada ka ɓoye, kada ka tsorata. Ka sha ruwa da yawa, ka koma kan kunu da shinkafa, zai wuce. In ya daɗe ka je likita, don ba kowane ciwon ciki ne na alkama ba, mu ma muna kamuwa da irin na kowa.

Ka riƙe salla. Ka gaida Gwaggonka da mijinta da kyau, ka ce ƙanenta mai tsirfa yana gaisuwa. Innarka ba za ta ce komai ba, amma ita ta zaɓi kaskon, sai da ta ƙwanƙwasa duk na kasuwa. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya tsare cikinka da zuciyarka, ya buɗe maka karatu, ya sa ka fi mu. Allah ya maido mana kai da hutu da ƙafafunka, da kumatunka. Amin.

Ni ne mahaifinka, Garba, daga Gaya.

Na kusa naɗe takardar na tuna. In ka yi duk wannan Yaya Ladi ta ce har yanzu tsirfa ce, kada ka yi gardama da ita, ka ba ta wannan labari. Bayan girbin shekarar da aka daina ba ka alkama, wata safiya Hajo ta sauko da kai bakin ruwa za ta yi wanki. Ni ina can muna jiran fito. Agwagwar Baba Sanda mai kwalekwale ta biyo ta gabanka da 'ya'yanta, sai ka zame daga hannun kakarka ka bi su da gudu. Gudu sosai, Dattijo, kana ihu, agwagi suna watsewa, har ka faɗa cikin taɓo ka tashi ka ci gaba. Hajo ta saki kwaryar wanki. Ba ta bi ka ba, ta tsaya tana kallo, hannu a baki. Can ta juyo ta neme ni cikin mutane, ni surukinta, ta kira sunana a gaban kowa, abin da ba ta taɓa yi ba kuma ba ta sake ba. Ta ce, "Garba, zo ka kama shi, ni ba zan iya ba."

Ba ni kaɗai na gani ba. Malam Idi limamin unguwarmu yana wurin zai haye Malanbil ta'aziyya. Bawa yana wurin, shi ya ciro ka da ka sake faɗawa taɓon. Hajo tana nan da ranta, duk mai zuwa Gaya ya tambaye ta. Sai Baba Sanda mai agwagin, wanda Gwaggonka ta san ba ya ƙarya ko don a ji daɗi, tunda shi ne ya taɓa gaya mata ido da ido cewa fankenta ya sha mai.